Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kansilan Mazaɓarmu Da Majalisar Kansiloli Kan Sharar Lungunan Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kansila, da sauran masu girma 'yan majalisar ƙaramar hukumarmu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku a zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 12 ga Yulin 2025. Ni ɗan kasuwa ne mai shagon hatsi, a nan Agege aka haife ni, mahaifina kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo shi daga Kano a zamanin da fataucin goro yake tashe, kuma a nan aka binne shi. Na rubuto ne da yawun dattawan layinmu, da limamai biyu, da matan da suke sana'ar abinci a bakin titi, da kuma samari masu tura kura da 'yan jari-bola waɗanda suka zauna da mu bayan sallar isha'i suka nemi a isar da kukansu. Na zaɓi in fara rubuta ta da Hausa domin waɗanda nake magana a madadinsu su karanta, ko a karanta musu, su tabbatar ban ƙara ba ban rage ba. Za mu kawo muku ita ofis da Yarbanci da Turanci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ci gaba da kama masu kwasar shara da kura a yankinmu, alhali har yau ba a samar wa lungunanmu wata hanyar da sharar za ta fita ba. Mun san dokar hana tura kura ba daga majalisarku ta fito ba, gwamnatin jiha ce ta sanar da ita tun watan Janairun 2018, kuma ta sha nanata ta. Sai dai Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a da kasuwanni a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, sannan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya tabbatar wa ƙananan hukumomi haƙƙin karɓar kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka mun ga ya dace mu fara ƙwanƙwasa ƙofar da ta fi kusa da mu kafin mu nufi Alausa, mazaunin gwamnatin jiha.

Ranka ya daɗe, kukanmu na farko shi ne motar shara ba ta iya shiga inda muke zaune. Tsarin da ake bi a Legas sananne ne: hukumar kula da shara ta jiha, wato LAWMA, ta raba unguwanni ga kamfanoni masu zaman kansu da ake kira PSP, kowane kamfani yana bin gidajen yankinsa da mota, masu gida kuma suna biya a wata. A unguwannin da aka tsara, masu faɗin titi da ƙofar mota, wannan tsari yana iya tafiya. Amma layinmu, idan Keke Napep ɗaya ya shigo, sai mai tafiya a ƙasa ya manna bayansa da bango kafin ya wuce. Motar da take matse shara ba ta da inda za ta sa ƙafa, don haka a bakin babban titi take tsayawa ta danna oda. Duk wanda ya taɓa kwana a cikinmu ya san abin da ke biyo bayan wannan oda: yara da mata su fito a guje da bokitai da buhuna a ka, ruwan shara yana tsiyaya a wuyansu, wasu su cim ma motar, wasu su tarar ta ja. Tsohuwar da take haya a ɗakin ƙarshe na gidanmu, wadda ƙafa ta hana ta sauri, ban taɓa ganin ta cim ma motar nan ba ko sau ɗaya. Wanda bai samu ba, ko dai ya mayar da buhun cikin gidan da iyalai goma suke amfani da tsakar gida ɗaya, ko ya jingine shi a gindin fal-waya da fatan wani zai ɗauka. Daga buhu ɗaya ake fara juji.

A damunar da ta wuce, kamfanin da aka ba layinmu ya yi mako uku cur bai leƙo ba, amma takardar biyan kuɗi ta iso a kan lokacinta. Da muka tambayi direban ranar da ya dawo, sai ya ce motarsu ta lalace, kuma ko da lafiyarta ƙalau, wani lokaci wuni guda suke yi a layi kafin su juye kaya a juji, musamman idan ruwa ya ɓata hanyar shiga. Na yarda da shi, domin duk wanda ya bi ta Ojota ya ga jerin motocin da ke jiran shiga jujin Olusosun, kuma kowa ya san yadda kuɗin man dizal da kayan gyara suka tashi a 'yan shekarun nan. Ban kawo wannan don in kunyata kowa ba. Na kawo shi ne domin a ga cewa a cikin waɗannan makonni uku, masu kura ne kaɗai suka hana layinmu nutsewa a cikin ƙazanta, su ɗin da doka ta ce masu laifi ne.

Wannan ya kawo ni ga kuka na biyu, wanda shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Gwamnati tana cewa masu kura suna karɓar kuɗin mutane su je su juye sharar a cikin kwata, ko a tsakiyar titi, ko a gefen layin dogo da tsakar dare. Ba za mu yi muku ƙarya ba, akwai masu yin haka, kuma mun sha kama su da idonmu muka yi musu faɗa. Haka nan akwai ɓata-gari da suke fakewa da sunan jari-bola suna cire murafan kwalbati da wayoyin lantarki, abin da yake jawo wa dukan al'ummarmu baƙin jini. Amma ina roƙon majalisa ta tsaya ta tambayi dalilin da ya sa mai kura yake juyewa a kwata. Yaron da ya cika kurarsa ba shi da wurin da doka ta yarda ya kai ta. Idan ya doshi inda motar shara take da rana tsaka, kama shi za a yi. Tun da an rufe masa ƙofar halal, sai ya jira dare ya nemi inda babu ido. Hanin da aka yi shekaru ana yi bai rage buƙatar aikinsa ba ko kaɗan, ya dai kore shi daga hasken rana zuwa duhu, kuma magudanun ruwanmu ne suke biyan kuɗin.

Akwai wani yaro ɗan ƙanwar maƙwabcina da ya zo daga Jigawa. Da farko acaba yake yi, har lokacin da aka hana babura a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, aka kuma faɗaɗa hanin bayan 'yan watanni. Ya sayar da babur ɗin da asara, ya sa maƙeri ya haɗa masa kura da tsofaffin tayoyi biyu. Da asuba yake fita. Yana da buhu uku rataye a jikin kurar, ɗaya na gorunan ruwa, ɗaya na gwangwanayen lemo, ɗaya na kwali, kuma kafin ya bar ƙofar gida ya riga ya ware abin da zai kai wa masu sikeli. Wata safiya wasu mutane cikin kayan sarki suka tare shi, suka ɗora kurar a bayan mota, suka bar sharar da ke ciki a zube a gefen hanya. Ba a ba shi takarda ba, ba a faɗa masa inda zai bi sawu ba. Ya zauna a kan benci a ƙofar shagona har azahar bai ce uffan ba, yana ta juya igiyar da yake ɗaure buhunansa da ita. Sharar da aka zubar kuwa ta kwana huɗu a wurin, kuma ruwan sama ne ya kwashe ta zuwa cikin lambatu.

Gwamnatin jiha da bakinta take cewa Legas tana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana, kuma ta bayyana aniyarta ta rufe jujin Olusosun da na Solous da ke Igando. Idan haka ne, duk gora ɗaya da ba ta isa juji ba riba ce ga jiha. Su wane ne suke tsince gorunan nan? Shirin raba shara tun daga gida da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar a 2019 manufa ce mai kyau, amma a lungunanmu ba mu taɓa ganin jakarsa ba. Abin da muka sani shi ne 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, waɗanda suke tara roba da ƙarfe da alminiyom su kai wa dillalai, dillalai su kai masana'antu. Aikin da gwamnati take kira da a yi, waɗannan bayin Allah sun daɗe suna yin sa ba tare da albashi ba, ba safar hannu, ba takalmin kirki, kwalba tana yanka su, allurar asibiti tana soke su.

Wasu biranen duniya sun fuskanci irin wannan matsala suka zaɓi wata hanya. A birnin Pune na ƙasar Indiya, tun 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu tsintar shara, su ne suke bin gida gida da kura suna karɓa, su miƙa wa motocin hukuma a wuraren da aka tsayar. Ƙasar Brazil kuma a dokarta ta shara ta 2010 ta amince da masu tsinta a matsayin ɓangare na tsarin. Ko a nan gida muna da darasi. A 2017 aka kawo shirin tsabtace Legas da ya miƙa kwasar sharar gidaje ga kamfanin Visionscape, aka ture kamfanonin PSP gefe, sai titunan birnin suka cika da tsibin shara, har a 2018 Majalisar Dokokin Jiha ta ba da umarnin a dawo da su bakin aiki. Abu biyu muka koya daga wannan: tsarin da ya yi watsi da masu aikin a ƙasa ba ya zuwa ko'ina, kuma 'yan majalisa suna da ikon gyara kuskure idan suka tashi tsaye.

Kuka na uku shi ne ambaliya da cuta. Ba zan tsawaita a nan ba, domin kun gani da idonku. Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda aka wuni ana yi ranar 3 ga Yulin 2024, kwatocinmu da suka toshe da leda da gora sukan yi amai cikin ɗakuna, buhunan masara da gero na jere na ƙasa su jiƙe, ni kaina na yi asarar da har yau ban gama farfaɗowa ba. A watan Yunin 2024 ne kwalara ta ɓarke a Legas, kuma unguwa irin tamu, inda rijiya da kwata suke maƙwabtaka, ita ce ta fi zama cikin fargaba. Idan an yi aikin gayya an yashe kwata, sai a tara dagwalon a bakinta babu motar da za ta ɗauka, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. A nan dole in faɗa wa mutanena gaskiya su ma: al'adar fito da kwandon shara a juye a kwata da zarar hadari ya haɗu, a cikinmu take, kuma ba ta da uzuri a addini ko a hankali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin sadaka, kuma limamanmu sun yi alkawarin maimaita wannan a huɗuba.

Na huɗu, dokoki suna iso mana ne a hannun mai kamu kafin su iso a bakin mai shela. A watan Janairun 2024 Kwamishinan Muhalli, Tokunbo Wahab, ya sanar da hana farar robar zuba abinci mai kama da soso, wadda ake kira tekawe, sannan daga 1 ga Yulin 2025 aka fara aiwatar da hanin robobin da ake amfani da su sau ɗaya, har da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba (maikiron ma'aunin kauri ne). Mu da muke kwasar wannan farar roba daga kwata da hannunmu, mun fi kowa sanin illarta, kuma muna goyon bayan hanin. Amma mai tuwo da mai waina da mai kunu, wadda ba ta karanta jaridar Turanci, ta yaya za ta gane kaurin leda da ido? Yawancin matan layinmu a bakin dillalin leda suka ji labarin, kuma labarin da suka ji ya sha bamban da abin da doka ta ce. Sanarwa tana fita da Turanci da Yarbanci, wani lokaci da Turancin buroka, alhali dubban masu biyan haraji a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende Hausa ce harshen da suka fi fahimta.

Haka batun kasuwanni yake. Lokacin da aka rufe kasuwar Mile 12 a watan Oktoban 2023 saboda ƙazanta, kayan gwari ne da suka yi kwanaki a hanya daga Arewa suka tsaya a kan motoci, kuma tumatir ba ya jiran a gama sulhu. Ba ma fatan irin wannan ta faru a kasuwanninmu. 'Yan kasuwa suna rufe rumfuna kowace safiyar Alhamis su yi shara kamar yadda aka tsara, amma mafi yawan abin da ake tarawa ruɓaɓɓen kayan miya ne da ɓawo da kashin dabbobi, wato taki ne da manomi a Kura ko Kadawa zai saya da kuɗinsa, mu kuwa muna biya a kai shi juji.

Saboda haka, masu girma, ga abin da muke nema.

Muna roƙon Kansilanmu ya gabatar da ƙuduri a zauren majalisa domin a yi dokar ƙaramar hukuma da za ta yi wa masu kura da 'yan jari-bola rajista, tare da tuntuɓar LAWMA da Ma'aikatar Muhalli domin kada dokar ta ci karo da ta jiha. Kowane mutum a ba shi katin shaida mai hoto da riga mai lamba, a rubuta lambar a jikin kurarsa, a kuma ɗaure shi da layukan da zai riƙa bi, ƙarƙashin kamfanin PSP na yankin. A tsayar da wuri da lokaci a bakin kowane babban titi inda zai miƙa wa mota kayansa, ko a duba yiwuwar amfani da tashar sauke shara da ke nan Agege. Duk wanda aka kama yana juyewa a kwata bayan an buɗe masa wannan hanya, a ƙwace katinsa a gurfanar da shi, mu ne za mu fara nuna shi. Masu unguwanninmu da fadar Sarkin Hausawa sun san yaran nan da iyayen gidansu, kuma dattawan layinmu a shirye suke su tsaya wa waɗanda suka sani. Rajistar ta kasance da kuɗi kaɗan da rasit na hukuma, kada ta zama wata sabuwar ƙofar tatsar talaka. Idan majalisa ta ga wannan ya fi ƙarfin ikonta, muna roƙon ta rubuta a hukumance zuwa ga kwamitin muhalli na Majalisar Dokokin Jiha, tun da Shugaban Majalisar, Mudashiru Obasa, mazaɓar Agege ta ɗaya yake wakilta kuma ya san lungunan da muke magana a kai.

Kafin a kai ga wannan, muna neman a daina ƙwace kura ba tare da takarda ba. Duk abin da aka karɓa a rubuta, a faɗi laifin, a faɗi inda mai shi zai je ya kare kansa, kuma kada a bar sharar a zube a titi.

Muna kuma roƙon majalisa ta gayyaci kamfanonin da suke aiki a mazaɓunmu su zo zaman sauraron jama'a, a liƙa ranakun zuwan mota a ƙofar masallatai da coci-coci da kasuwanni, a kuma amince cewa watan da mota ba ta zo ba, ba za a tilasta wa mutane biyan cikakken kuɗinsa ba. A cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, a ware abin da za a sayi ƙananan kekuna masu ƙafa uku da za su iya shiga lungu, a kuma tanadi motar da za ta kwashe dagwalon kwata a ranar da aka yashe shi, musamman a watannin Afrilu da Mayu kafin ruwa ya kankama. A keɓe wuri a kasuwa inda za a riƙa tara ruɓaɓɓen kayan gwari daban domin masu yin taki. Sannan duk sanarwar da ta shafi muhalli a fitar da ita da Hausa, a rubuce da kuma a murya, domin saƙon murya a WhatsApp yana zagaye unguwarmu cikin awa ɗaya. Muna da matasa masu ilimi da za su yi fassarar kyauta.

A namu ɓangaren, mun amince a zamanmu cewa kowane gida a layinmu zai ajiye mazubi mai murfi, za mu biya kuɗin shara a kan lokaci matuƙar ana kwashewa, kuma mun naɗa mutum huɗu da za su riƙa zagayawa idan hadari ya taso domin hana juye shara a kwata.

Mai girma Kansila, muna gayyatarka ka zo layinmu ranar Alhamis ɗin da ta yi maka, da misalin ƙarfe bakwai na safe, lokacin da ake sharar kasuwa. Ka bar motarka a bakin titi inda motar shara take tsayawa, mu taka da ƙafa tare har gidan ƙarshe, ka ga nisan da matanmu suke yi da bokiti a ka. Yaron da aka ƙwace wa kura zai kasance a wurin, tare da abokan sana'arsa, da jerin sunayen waɗanda suka yarda a fara rajista da su.

Allah Ya ƙara wa majalisa basira, Ya zaunar da Legas da Nijeriya lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai shagon hatsi, a madadin dattawa, 'yan kasuwa, masu kura da 'yan jari-bola na layinmu, Agege, Legas.